Motar da Ta Yi Kukan Sirdi

Wanda bai ga shekarar tamanin da huɗu ba, idan ana zancen yunwa ya kama bakinsa. Mu mun gan ta. Mun ci ganyen jiga, mun jiƙa ƴaƴan anza kwana uku don ɗacinta ya fita, mun tone gidan tururuwa muna neman ƙwayar da ta ɓoye, kuma ga mu da ƙafafunmu har yau. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma abin da ya faru a Rijiyar Gawo a waccan daminar da ta ƙi zama damina, babu mai takardar da zai faɗa maku shi kamar ni, don Mai Nasara mai bin sawu wana ne, ciki ɗaya.

Garinmu yana arewa da Mayahi, kan hanyar Isawan. Soja ke mulki a lokacin, kuma sojan ba ya wasa da hatsin taimako. Wanda aka kama da tiya guda wadda ba tasa ba, sai dai danginsa su bi shi da fura gidan kaso.

Ran Lahadi da yamma Abdurrahamane direba, mijin Habsatu ɗiyar Mai Nasara, ya iso da buhu goma sha biyu na jar dawa a bayan wata tsohuwar bashe, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ya shigar da ita rumfar kara da ke bayan gidan maigari, ya lulluɓe buhunan, don an ce kada a taɓa sai ajidan, sojan da ke kula da hatsin taimako, ya zo daga Tasawa ya tsaya a kan rabo.

Ran Litinin da hantsi gari duka ya fita roƙon ruwa, can gabas bayan tudu, a busasshen tafki. Kun san yadda ake fita: babu ado, kowa da mafi tsufan tufafinsa, a juye. Rigar da Abdurrahamane ya sa aljihunta ya daɗe da hujewa, sai ya rataye makullin motar a ƙusa cikin zauren maigari. Aka raba yara da uwayensu, aka raba ƴan maruƙan da suka saura da nasu, kuka ya cika wurin, liman ya ja addu'a har rana ta take tsaka. Da aka dawo, makulli yana a ƙusarsa, mota tana a rumfarta, buhu shida babu.

Da la'asar babbar motar soja ta sauke ajidan da sojoji biyu ta wuce arewa. Ajidan ya saurari maigari, ya dubi buhunan, ya tambayi abu ɗaya: wa ke tuƙa motar? Kafin a yi kiran magariba Abdurrahamane yana ɗaure a gindin darbejiyar ƙofar zaure.

"Ran Alhamis motarmu za ta dawo," in ji ajidan. "In ba a kawo mani wani ɓarawon ba, da wannan zan tafi."

Gari ya ɗauki surutu. Masu cewa direba ya haɗa baki da ƴan fasa-ƙwauri na yi, masu cewa Fulanin da ke zaune a kwarin yamma ne na yi. Maƙwabci ya fara leƙen tukunyar maƙwabci.

* * *

Habsatu ta samu babanta yana ɗaure takalmin fatarsa.

"Baba, ka ji abin da suka yi mashi?"

"Na ji."

"Wallahi ko ƙwaya bai shigo da ita gida ba. Jiya jiga muka ci."

"Na sani. Koma ki kai mashi ruwa."

Mai Nasara a lokacin ya ba saba'in baya. Shi ne ya taɓa bin raƙumin sata daga Isawan kwana tara, ya dawo da raƙumin da ɓarawon da igiyar. Idan mace ta wuce a rairayi yakan faɗa maka ko da goyo take. Amma mota bai taɓa bin sawunta ba, kuma bai ɓoye wa kowa ba cewa ba ya sonta, wai dabbar da ba ta san mai ita ba ba dabba ba ce.

Ya zagaya bayan rumfar. Ƙafafun jama'a sun tattake ƙofar, amma taku ɗari a yamma sawun taya ya fito fili, na tafiya da na dawowa. Ya tsuguna ya auna da tafin hannu. Sawun ya fi tayar faɗi. Wanda ya tuƙa ya sassauta wa tayoyin iska kafin ya shiga rairayi, ya sake bugawa da ya dawo. Ya ci gaba da bi. Duk inda hanya ta ratsa tsakanin sabara biyu, motar takan bar fili a dama, ta goge ta hagu har ganye ya zube. Can kusa da wani kwari ya tarar da kututturen kalgo, ƙasa da gwiwa, an ɓantare masa kai. Shi ma a hagu yake. A nan motar ta tsaya, mutum ya kwanta a ƙarƙashinta, ga shatin bayansa. Wasu ƙafafu marasa takalmi sun zo daga kwarin sun koma.

Ya daɗe a tsaye a kan kututturen. Sannan ya karya reshen sabara ya share shatin bayan, ya komo gida bai ce wa kowa komi ba.

* * *

Talata da safe ajidan ya ce a fito da motar gaban zaure inda idon sojojinsa zai riƙa kai wa. Aka kwance Abdurrahamane ya shiga. Yana murɗa sitiyari hagu sai wani kuka ya tashi daga ƙarƙashinta, siriri, mai ja, ƙiiiƙ. Ya mayar dama, ta sake yi, a hankali.

"Ranka ya daɗe, wannan kukan ba nata ba ne," in ji Abdurrahamane. "Shekara huɗu ina bisa motar nan. Na san tarinta, na san atishawarta. Ran Lahadi ba ta yin wannan. Wani ya hau ta."

"Kai ka hau ta."

"Ina wurin roƙon ruwa, sahu na uku."

"Cikin mutum ɗari biyar masu riga a juye, wa ya ga wa?" Ajidan ya yi wa sojojin alama, suka mayar da shi gindin darbejiya.

Mai Nasara yana gefe, kansa a karkace, yana sauraro. Ya roƙi ajidan a aika Mayahi a kira Sale makanike, don kada motar gwamnati ta lalace a hannunmu. Ajidan ya yarda. Sannan ya tambayi maigari maza nawa ne ba su fita roƙon ruwa ba. Ban da majinyata, biyu ne: Bature mai kanti, da Kafaran Salifu.

Kafaran Salifu, wato kofur, tsohon sojan Faransa ne, ido ɗaya, ƙafa ɗaya mai ja, abokin Mai Nasara tun ranar da aka yi masu kaciya tare. Kullum yana ƙofar gidansa da tsohuwar hularsa ta soja, yana ba yara labarin Agadas da Bilma, ba mai saurare. Da aka ambaci sunansa har maigari ya yi dariya. Tun da aka ɗaure Abdurrahamane shi ne ke jan ƙafa ya zauna kusa da shi, yana matsa masa da tabarma idan inuwa ta gusa.

Don haka aka fara da Bature. Ya taɓa yin karen mota a hanyar Maraɗi, kuma kowa ya san yana da abokai a bakin iyaka.

"Alhaji na gobe, ina kake jiya da hantsi?" in ji Mai Nasara da ya same shi a gidansa.

"Ciwon ciki, Baba. Ko tashi ban iya."

"Mai ciwon ciki ya yi sawu bakwai daga ɗaki zuwa rumbun baya, kowane sawu dugadugansa na nutsewa?"

Bature ya leƙa waje ya rage murya. Gero ne nasa, na bara, ya jira gari ya watse ya kwashe shi daga rumbu ya binne a ƙarƙashin gado, don kada ajidan ya gani ya ce a raba.

"Rowa ce, ba sata ba," in ji Mai Nasara. "Mota fa? An ce ka iya."

"Gaba na iya."

"Baya fa?"

"Ranar da na gwada baya aka kore ni. Na shiga teburin mai shayi."

Mai Nasara ya riga ya ga yadda aka mayar da motar cikin rumfa, da baya, sau ɗaya, ko kara guda ba ta taɓa ba. Ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo ya ce akwai wata mai ƴan biyu a bayan masallaci, tiya uku ba za ta rage wa gado tsawo ba. Kafin azahar an kai mata huɗu.

* * *

Da rana ta karya ya nufi kwarin yamma, rugar Jaji. Jaji Bafillace ne mai kiwo, shekara talatin shanun garinmu suna hannunsa. A bana daga garke mai shanu ɗari biyu saura ƙasusuwa takwas masu numfashi. Mutanensa sun haura arba'in, yawancinsu mata da yara, kuma sunansu ba ya cikin takardar rabo, don ba su cikin ƙidayar kowane maigari.

Tun daga nesa Mai Nasara ya ji sautin da ya yi wata uku bai ji a rugar ba. Ana daka. Da aka hango shi turmi ya yi shiru.

Jaji ya shimfiɗa masa buzu. Suka gaisa, suka tambayi juna gida da wahala, suka sake tambaya. Wata yarinya ta wuce tana lasar yatsu, jan tuwo a gefen bakinta. Mai Nasara ya kau da kai ya dubi turaku huɗu da aka kafa a ƙasa, inda aka shanya fata. Fatar ba ta nan, sai ƙudaje.

"Wata ta sake faɗuwa?"

"Ta sake," in ji Jaji.

"Ta wa?"

"Ta mai ita."

"Allah ya mayar da alheri. Jiya an ga mota ta nan?"

"Ni shanu nake kallo, Mai Nasara. Abin da ba ya da ƙaho ba na riƙe kamanninsa."

Mai Nasara ya yi murmushi. Ya ɗauki sandarsa yana zane a ƙasa kamar mai hira da kansa.

"Wurin nan ya ƙare, Jaji, ko ciyawar rufin ɗaki babu. In da ni ne da yara, fakon nan na arewa maso yamma zan bi. Ƙasa ce mai tauri, ba ta riƙe sawu. Da iskar kwana biyu a kai, ko jaki ashirin suka bi da kaya, sai a rantse ba a bi ba."

Jaji ya miƙe. Ya raka shi har bakin kwari, abin da bai saba yi ba.

* * *

Laraba da hantsi Sale makanike ya iso a amalanken jaki, da akwatin ƙarafansa. Gajere ne mai yawan magana, yana jin kansa kamar likitan Maraɗi. Ya sa aka ɗaga gaban motar, ya tara mu yana koya mana.

"Kukan sitiyari iri-iri ne, kowane da gidansu. In ka ji ƙwas-ƙwas a kan gargada, rotil ne, gaɓar nan da ke haɗa sanda da ƙafa, ya ci ya yi sako-sako." Ya kama taya da hannu biyu ya girgiza. "Ba shi ba ne. In gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, rulma ce, ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu." Ya juya tayar ya kara kunne. "Lafiyarta lau. In ƙugi ne kamar ana niƙa tsakuwa, rairayi ya shiga inda giris ya kamata ya zauna." Ya matsa robar da yatsa, ya sansana. "Da giris ɗinta. Kai, murɗa mu ji."

Wani soja ya murɗa. Ƙiiiƙ.

Sale ya shafa mai a nan, ya ɗaure noti a can, ya ce a sake. Ƙiiiƙ. Ya zagi motar, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya sake shiga. Har azahar abu ɗaya, sai ma ƙaruwa da kukan ke yi yadda rana ke ƙara zafi. Ƴan kallo suka gaji suka watse, sojan ya koma inuwa.

Mai Nasara ya matso ya tsuguna.

"Sale, ƙarfe yakan ƙara kuka don rana ta yi zafi?"

"Ba irin haka ba, Baba."

"To ba ƙarfe ke kuka ba. Na kwana tara a kan raƙumi ina jin wannan kukan a ƙarƙashina. Sirdi ne sabon ɗauri. Fata ce ke bushewa tana jan abin da ta riƙe."

"Baba, da girmanka, wannan mota ce. Babu fata a cikinta sai ta kujera."

"Wancan faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin inji, mi ke bayansa?"

"Kariyar rairayi ce kawai. Babu abin da ke lalacewa a can."

"Kwance."

Sale ya kwance yana gunaguni. Sai gunagunin ya tsaya. Akwatin da ke juya ƙafafun gaba, wanda kusoshi biyu ke riƙe shi a jikin motar, kusar hagu ta karye. A madadinta an naɗe wurin da tsirkiyar ɗanyar fata, faɗin yatsa uku, zagaye bayan zagaye, an soke bakin a ƙarƙashi. Ta bushe ta ƙanƙame kamar an zuba ta a wurin.

Sale ya ƙwanƙwasa ta da sifana. "Wanda ya yi wannan ya san mota. Ya jiƙa ta ya ɗaura, shi ya sa ba ta yi kuka a ranar ba, sai da ta sha iska. Wallahi ta fi kusar riƙo. Bari in yanke, ina da wata kusar."

"Kada ka taɓa. Ba ni wuri."

Mai Nasara ya kwanta a ƙarƙashin mota, karo na farko a rayuwarsa. Gashin fatar ja ne. Ya bi naɗin da yatsa, har ya kai inda gashi bai tsiro ba, tabon wuta mai lanƙwasa biyu kamar ƙugiya. Ya rufe ido ya ɗan jima.

"Mayar da faifan," ya ce. "In an tambaye ka, ka ce sai gobe."

Da yamma Habsatu ta tare shi a ƙofar gida. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, amma ba ta durƙusa ba.

"Baba, igiya ta ci hannunsa har ya kumbura. Sale ya ce kun ga wani abu. In ka sani, mi kake jira?"

"Gobe."

"In da ɗanka ne na cikinka, za ka ce gobe?"

Ta ajiye masa kwanon jiga ta juya. Har aka yi isha'i kwanon yana rufe.

* * *

Alhamis da hantsi babbar motar soja ta dawo. Ajidan ya zauna a kujerar maigari, gari ya kewaye. Ga Abdurrahamane a ɗaure. Ga Bature yana zufa. Ga Jaji, wanda ya zo da kansa tun da sassafe, shi kaɗai da sandarsa. Ga Kafaran Salifu a kan tabarma, ya goge hularsa.

"To, mai bin sawu," in ji ajidan. "Ina ɓarawona?"

"Ranka ya daɗe, sawu ya ce mutum ɗaya ya tuƙa. Ba sirikina ba ne, don shi ɗan kwalta ne, bai san a sassauta wa taya iska a rairayi ba, sau uku muna tura shi a bana. Ba Bature ba ne, shi gaba kawai ya iya." Aka yi dariya, har da Bature. "Jaji kuwa ko amalanke bai taɓa hawa ba. Wanda ya tuƙa ya koyi mota a hamada, kuma ba ya ganin abin da ke hagunsa."

Kafin ya rufe baki Kafaran Salifu ya dafa sanda ya miƙe, ya haɗa dugadugai yadda ƙafar ta yarda, ya sara.

"Ni ne, mon ajidan. Shekara goma sha ɗaya ina jan kamiyo, manyan motocin kaya, tsakanin Agadas da Bilma. Ni na ɗauki makulli, ni na kai buhu shida rugar Jaji. Ba su roƙe ni ba. A kwance yaron nan."

Ajidan ya dube shi daga hula har ƙafa, ya yi tsaki.

"Tsofaffi, kun raina ni. Abokinka yana son ya ceci sirikinsa, kai kuma ka ga kwananka ya ƙare, ka ce bari ka ɗauka. Na ga irin wannan a gari uku. Ku sa direban a mota."

Sojoji suka kama Abdurrahamane. Habsatu ta toshe baki da gyale.

"Ranka ya daɗe, a tambayi motar," in ji Mai Nasara. "Sale, murɗa."

Ƙiiiƙ.

"Kwance faifan. Ranka ya daɗe, sai ka ɗan sunkuya."

Ajidan ya sunkuya, ya daɗe, har ya sa gwiwa a ƙasa.

"Mota ta daki kututture a hagu, kusa ta karye, aka ɗaure da abin da ke kusa," in ji Mai Nasara. "A nan ƙasar, idan saniya ta mutu a hannun makiyayi, yakan feɗe ta ya kawo wa mai ita fatar da tambarinta, don a san mutuwa ta yi, ba sayarwa aka yi ba. Fatar amana ce. Ko za a yanka Jaji ba zai bari wani ya sa mata wuƙa ba, sai mai saniyar da hannunsa. Dubi tabon wutar da ke naɗi na uku. Sannan ka dubi goshin hular Kafaran."

A goshin hular akwai ƙarfen nan mai ƙugiya biyu na sojan Faransa. Tun da ya dawo daga soja da shi yake yi wa shanunsa tambari, kuma daga Mayahi har Tasawa babu mai irinsa.

"Ita ce ta ƙarshe," in ji Salifu. "Ran Asabar Jaji ya aiko ta faɗi. Na je in gani, sai na tarar ana binne yaro na uku a mako guda. Shekara talatin suna shayar da ƴaƴana nono, mon ajidan. Na tambayi maigari, ya ce ba su cikin takarda."

Ajidan ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa. Ya zaro makulli ya jefa wa Salifu.

"Mayar da ita rumfa. Da baya."

Salifu ya ja ƙafa ya shiga. Ya karkata kai yadda idon dama zai ga madubi, motar ta yi kukanta sau ɗaya, ta shige rumfar kamar an zura zare a allura. Babu wanda ya yi dariya.

"Ku kwance direban," in ji ajidan. Ya juya wurin Jaji. "Ina dawar?"

"Tana tare da yara."

"Yaran suna ina?"

"Sun tashi shekaranjiya. Ni na tsaya don kada a ce na gudu."

"Mai bin sawu, ɗauki sojana ɗaya. Ka bi su ka dawo mani da buhunan."

Mai Nasara ya dubi ƙasa. "Fako suka bi, ranka ya daɗe, ga iskar kwana biyu. Ba zan iya ba."

"An ce mani sawu bai taɓa ɓace maka ba."

"Dā ke nan. Ido ya tsufa."

A gaban gari duka ya faɗe ta, a gaban mutanen da suka yi shekara hamsin suna rantsuwa da idonsa. Ni na san wana. Jaki ashirin da kaya a kan fako, ko an ɗaure masa fuska da rawani sai ya bi su da tafin ƙafa. Na ga yadda maganar ta fito masa kamar ana cire ƙaya.

Ajidan ya daɗe yana kallonsa. Shi ma ɗan ƙauye ne, ka gani a hannuwansa.

"Tsufa ba laifi ba ne," ya ce. "Amma sata laifi ce. Kafaran, hau mota."

Ya sa maigari ya rubuta sunan Jaji da yawan mutanensa a ƙasan takardar rabo, bai ce don mi ba. Aka raba buhu shidan da suka saura. Habsatu tana shafa wa mijinta man kaɗe a wuyan hannu, ba ta dubi babanta ba.

Da aka ɗora Salifu a bayan babbar motar, sai ga Mai Nasara ya kama ƙarfe yana hawa, da buzunsa da butarsa. Soja ya tare shi. Ajidan ya ce a bar shi, ai ana bukatar shaida a Tasawa. Ni na miƙa masa sandarsa, don haka abin da suka faɗa a kunnena ne.

"Kai da ba ka son mota," in ji Salifu.

"Wa zai riƙa faɗa maka abin da ke hagunka?"

"Yaushe ka sani?"

"Tun a kututture. Duk ƙasar nan wa zai bar fili kamar filin idi a dama, ya je ya daki kututture ɗaya tilo a hagu, in ba kai ba?"

"Tun Litinin ke nan. Ka bar sirikinka kwana uku a igiya."

"Kai ma ka bar shi."

"Ni ina jira yaran su yi nisa."

"To ni mi ka ga ina jira, makaho?"

Salifu ya yi dariya har ya share idonsa mai gani. Sannan ya ce, "Ɗiyarka ba za ta yafe maka da wuri ba."

"Ta yi gaskiya. Matsa mani, ka cinye wurin."

Wata huɗu Kafaran ya yi a gidan kaso na Tasawa. Wata huɗu wana ya yi a ƙofar gidan, yana kwana a zauren wani mai goro, yana kai masa fura idan an samu, in ba a samu ba ya kai masa zagi. Fura ta farko da ta iso daga gida, a wata na biyu, Habsatu ce ta dama ta, ta aiko ba tare da saƙo ba. Mai Nasara ya sha rabi, ya kai wa abokinsa rabi.

Nan na tsaya. Wanda ya ce ba haka aka yi ba, ya zo da shekarunsa mu auna.